"Kawu, Ai Gidan Gumaka Ne": Raddi Ga Masu Haramta Abin Da Ba Su Bincika Ba

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Ya 'yan'uwana matasa, wannan rubutu raddi ne, kuma ba zan ɓoye muku ba, da ɓacin rai na ɗauki alƙalami. Wanda nake yi wa raddin ɗana ne, ɗan ƙanwata da muke ciki ɗaya, yaro mai ladabi da kiyaye salla, wanda Allah Ya nufa da tafiya karatu birnin Landan. Da maganar tasa ce shi kaɗai, da na kira shi gefe mun kashe ta a ɗaki. Sai dai na sha jin irinta a bakin matasa masu kishin addini, har ta fara zama musu alamar tsoron Allah, shi ya sa na ga ya wajaba a fito da ita fili.

Ga yadda abin ya faru. Wata hidima ta kai ni Landan cikin watan Disamba, na sauka a wurinsa kwana goma. A rana ta uku na ce masa, "Ɗana, gobe ka raka ni babban gidan tarihin nan, jibi kuma ina so in ga cocin St Paul." Sai ya sunkuyar da kai kamar mai jin nauyi, ya ce, "Kawu, Allah Ya ba ka haƙuri, ai waɗannan wurare gidajen gumaka ne da shirka. Shekarata biyu a garin nan ban taɓa taka ƙafata can ba, kuma ba na fatan in taka." Na lura da cewa a cikin muryarsa akwai wani ɗan alfahari, irin na wanda ya tsallake tarko.

Na ce masa to madalla, a shekara biyun nan ina da ina ka taka? Ya lissafa mini kantunan titin Oxford, da gidajen abincin Larabawa na titin Edgware, da filin ƙwallon Arsenal. Har ya ciro waya ya nuna mini hotonsa yana dariya, ya dafa mutum-mutumin tagulla na Thierry Henry da ke durƙushe a wajen filin. Na dubi hoton, na dube shi, ban ce uffan ba. Gunkin da aka sassaƙa shekara dubu uku da suka wuce, wanda masu bauta masa suka zama turɓaya, shi ne abin gudu. Wanda kuwa aka ƙera a 2011, kuma dubban matasa suke zuwa gabansa da ƙauna da shauƙi a zuciya, wannan ba komai. Wace irin fiƙihu ce wannan?

Bari mu fara da hukunci, tunda da hukunci aka tsorata mu. Malamai sun yi saɓani a kan shiga coci, kuma wanda duk ya ce maka babu saɓani, ko dai bai karanta ba, ko ya karanta ya ɓoye. Akwai malaman Hanafiyya da suka tsananta ƙin shiga. Akwai na Shafi'iyya da suka hana idan da hotuna a ciki. Hanbaliyya kuwa, mashhurin zancensu shi ne halasci, wasunsu suka karhanta saboda hotunan. Mu da muka tashi a kan Risala ta Ibn Abi Zaid mun san ya ambaci coci a cikin wuraren da aka hana yin salla, kuma an ruwaito daga Imam Malik cewa ya ƙi salla a cikinta saboda najasa da hotuna. To amma ka lura, ya ɗan'uwa, maganar salla ake yi. Yin salla a wuri daban, shiga wurin don ganin abin da ke ciki daban. Mai haɗa su biyun ya ɗora wa malamai abin da ba su faɗa ba.

Hujjar da suka fi riƙewa ita ce abin da Bukhari ya kawo daga Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, cewa ya ƙi shiga cocin Nasara saboda siffofin da ke ciki. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai a wannan babin dai Bukhari ya kawo cewa Ibn Abbas yakan yi salla a coci in babu gumaka a cikinta. Sannan Ibn Ƙudama ya kawo cikon labarin Umar a cikin Al-Mugni: da Nasaran Sham suka shirya masa abinci a coci, shi bai je ba, amma ya umarci Sayyidina Ali ya tafi da jama'a su ci. Ali ya shiga, jama'a suka ci, shi kuma yana ta kallon hotunan da ke bango. Ashe ke nan halifa ya kiyaye matsayinsa ne na shugaba, bai mayar da tsantseninsa doka a kan kowa ba. Da shiga haramun ce tsantsa, da Umar bai tura Ali ba, da Ali kuma bai je ba.

Akwai abin da ya fi wannan ƙarfi. A cikin rashin lafiyar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati a cikinta, Ummu Salama da Ummu Habiba sun ba shi labarin wata coci da suka gani a ƙasar Habasha, suka siffanta masa kyanta da hotunan da ke cikinta. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. Bai ce musu me ya kai ku ba. Abin da ya yi shi ne ya bayyana musu asalin ɓarnar, wato gina wurin ibada a kan kabarin mutumin kirki da zana siffarsa a ciki. Sun gani da ido, sun kawo labari, ya mayar da labarin darasi ga al'umma. Wannan ita ce tarbiyyar da na sani.

Iyakar kuwa a bayyane take, ba ta buƙatar dogon bayani. Ba ka shiga ibadarsu, ba ka kunna kyandir, ba ka rusuna wa gicciye, ba ka zuwa ranar idinsu don taya su biki, ba ka yin sallarka a gaban siffofi. Ibn Battuta, da ya isa Ƙustantiniyya a ƙarni na 14, ya tsaya a harabar babbar cocin Aya Sofiya ya siffanta wajenta kawai, domin an gaya masa ba a shiga sai an yi wa gicciyen da ke ƙofa sujada. Ya ƙi, ya juya. Ibn Jubair kuwa, malami ɗan Andalus, ya shiga wata coci a Palermo ta tsibirin Sisili a ƙarshen shekarar 1184, ya rubuta yadda bangonta ke ƙyalli da zinariya, sannan ya nemi tsarin Allah daga fitinarta. Duka biyun malamai ne matafiya, ɗaya ya shiga, ɗaya ya ƙi, kuma dalilin kowanne a fili yake: an gindaya sharaɗin shirka ko ba a gindaya ba.

Saboda haka in ɗana ya ce ya bi malaman da suka hana, ba ni da ta cewa, ra'ayi ne da malamai suka riƙa. Abin da ba zan lamunta ba shi ne ya ɗauki mas'alar saɓani ya mayar da ita ma'aunin imani, ya riƙa duban wanda ya shiga kamar wanda aƙidarsa ta yi rauni. Kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda ya tattara gidan tarihi da coci ya zuba su a kwando ɗaya, alhali a gidan tarihi babu mai bauta wa komai.

Na tafi ni kaɗai. Gidan tarihin da ake kira British Museum an kafa shi a 1753, aka buɗe shi ga jama'a a 1759, kuma ba a biyan ko kwabo don shiga manyan zaurukansa. Na fara da ɓangaren Assuriyawa. Wallahi, ya ɗan'uwa, na karanta ayoyin da suke umartar mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu dubi yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, ayoyin da suka zo fiye da sau goma a cikin Alƙur'ani, a Ali Imrana da An'am da Nahli da Rum da Gafir da sauransu, na kuma ji tafsirinsu tun ina yaro a azumi, amma ban taɓa jin nauyinsu a ƙirjina ba kamar ranar da na tsaya gaban allunan dutsen da aka ciro daga fadar Ninawa. Ninawa fa, garin Annabi Yunusa, garin su Addas, bawan nan Banasare da ya kawo wa Manzon Allah inabi a Ɗa'ifa. Ga sarkinsu Ashurbanifal a kan keken doki yana harbin zakuna, an sassaƙa jijiyar ƙafar zaki da jinin da ke fita daga bakinsa kamar yau aka yi. Ga wani allon yana nuna yadda Sanharib ya ci garin Lakish, ana feɗe fatar kamammu, mata da yara suna fita da ƙunshin kayansu. Waɗannan mutane sun mallaki duniyar zamaninsu daga Iraƙi har Masar. A shekara ta 612 kafin haihuwar Annabi Isa aka ƙone birnin, ƙasa ta binne shi sama da shekara dubu biyu, har Turawa suka tono shi a tsakiyar ƙarni na 19 a tsallaken kogin Dijla daga Mosul. Yau ga sarkin nan a bango, 'yan firamare sanye da rigunan sanyi suna wucewa ta gabansa suna cin biskit.

Gaba kaɗan ga kan Ramsis na Biyu da ƙirjinsa, dutse ɗaya mai nauyin sama da tan 7, da huda a kafaɗarsa ta dama. Mutumin da aka yi wa sujada, an jawo shi da igiya daga bakin Nilu an girke shi a zaure. Na tuna da umarnin Manzon Allah ga sahabbai lokacin da suka bi ta Hijir, garin Samudawa, a hanyar Tabuka, cewa kada su shiga gidajen waɗanda aka halaka sai suna masu kuka. Wasu suna kawo hadisin a matsayin hani. Ni kuwa abin da na gani a cikinsa shi ne koyar da halin da ake shiga da shi, zuciya a farke, ba da shewa da wasa ba. Kuma kar mu manta, sahabbai sun ci Masar a ƙarƙashin Amru ibn al-As tsakanin 640 da 642, sun zauna a cikinta, sun bar dalar Giza da sauran gine-ginen Fir'aunoni a inda suka same su. Ba su fi mu rashin kishin tauhidi ba.

A cikin gidan nan akwai wani ɗan tsabar zinariya da bai kai girman murfin kwalba ba, wanda ni a wurina ya fi ƙaton dutsen Ramsis ba da labari. Wani sarkin Ingila ne mai suna Offa, wanda ya mulki yankin Mersiya daga 757 zuwa 796, ya sa aka buga shi. Maƙerinsa ya kwaikwayi dinarin halifa Mansur na Abbasiyawa mai ɗauke da shekara ta 157 bayan hijira, ya kwafe rubutun Larabcin har da kalmar shahada, sannan ya cusa sunan sarkinsa da haruffan Latin a tsakiya, a kife, domin bai san inda saman rubutun yake ba. A nan ma sai na ja kunnen wani ɓangaren namu, masu yaɗa cewa wai wannan hujja ce Offa ya musulunta. Bai musulunta ba, Kirista ne mai hulɗa da Fafaroma, kuma kurakuran da ke cikin Larabcin sun nuna mai bugun bai san abin da yake kwafa ba. Gaskiyar ta ishe mu ba sai mun yi ƙari ba: akwai zamanin da kuɗin Musulmi ne abin yarda a kasuwannin duniya, har sarkin Ingila sai ya ari kamanninsa kafin zinariyarsa ta karɓu. Yaron da yake ganin tun fil azal Turawa ne a gaba, wannan ɗan tsaba zai yi masa maganin da huɗuba goma ba za ta yi ba. Amma yaya zai gan shi alhali an ce masa gidan gumaka ne?

Kada wani ya zaci na dawo ina yabon gidan. Da na sauka ɓangaren Afirka da ke ƙasa, na tarar da allunan tagulla na Benin a rataye jere-jere, jikina ya yi sanyi. A watan Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya suka ci birnin Benin, suka ƙone shi, suka kori Oba Ovonramwen zuwa Kalaba, suka kwashe dubban kayayyaki daga fadarsa. Kusan 900 daga ciki suna hannun wannan gida. Shekara shida bayan haka, a 1903, irin wannan runduna ce ta fasa ganuwar Kano a Fabrairu, ta shiga Sakkwato a Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli. Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar nata kason na kayan Benin a 2022, wani ƙaramin gidan tarihi na Landan mai suna Horniman shi ma ya yi haka a shekarar, Holan ta mayar da guda 119 a 2025. Babban gidan kuwa ya daɗe yana fakewa da wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke cikin taskarsa. Wato wanda ya ƙwace kaya ya zauna ya rubuta wa kansa dokar da ta hana shi mayarwa. Hujjar da aka daɗe ana ba mu ita ce kayan sun fi samun tsaro a can, kuma ba zan yi ƙarya ba, abin da 'yan ISIS suka yi a Mosul a 2014 da 2015, suka tarwatsa masallacin Annabi Yunusa suka farfasa kayan tarihi da guduma, ya ba masu wannan hujja abin faɗa. Sai ga shi a 2023 gidan da kansa ya amsa cewa kimanin kaya 2,000 sun ɓace ko an sace ko sun lalace a cikin taskarsa.

To ina tambayar ɗana da ire-irensa: wa zai yi wannan jayayya a madadinmu? Wanda bai taɓa ganin kayan ba, bai san sunansu ba, bai san ranar da aka ɗauke su ba? Mai kaya ya ce ƙafarsa ba za ta taka gidan da aka ajiye kayansa ba don tsantseni, ai ya sauƙaƙa wa mai riƙon aiki.

Akwai kuma abin da ban yarda da shi ba sam, shi ne baje gawarwakin mutane a akwatin gilashi. Na ga wani mutum da yashin Masar ya busar sama da shekara 5,000, a ƙudundune, mutane sun kewaye shi suna ɗaukar hoto. Ɗan Adam ne, Allah Ya karrama shi da rai da kuma bayan rai. Na kawar da kai na wuce. Haka na yi a zaurukan Girkawa inda siffofin tsiraici suka yi yawa. Runtse ido wajibi ne a can kamar yadda yake wajibi a titin Oxford, inda hotunan talla suka fi na gidan tarihi muni nesa ba kusa ba.

Washegari na je St Paul. An gina ta bayan babbar gobarar Landan ta 1666 ta cinye tsohuwar, aka ɗauki shekara 35 ana aiki, daga 1675 zuwa 1710, a ƙarƙashin maginin nan Christopher Wren. Tsayinta ya kai mita 111, kuma mai son hawa can saman ƙubba sai ya taka matakala 528. Na hau rabi gwiwa ta ce ta gaji. Mai zuwa kallo yana biyan kuɗin shiga, mai zuwa ibada ba ya biya, kuma na ji wasu 'yan'uwa suna dabarar shiga lokacin ibada don su tsira da kuɗinsu. Subhanallah. Wannan shi ne ainihin abin da aka hana, mutum ya zauna a sahun masu ibadar da ba tasa ba don ya adana 'yan fam. Ni na biya na shiga a matsayin baƙo mai kallo. Da lokacin gajeriyar addu'arsu ya yi aka nemi jama'a su natsu, na tsaya gefe shiru don girmama masu gida, ban ce amin ba, babu kuma wanda ya nemi in ce.

Shi Wren ɗin nan, a rubuce-rubucensa, ya tafi a kan cewa salon ginin manyan cocin Turai mai bakuna masu tsini daga Musulmi aka samo shi ta hanyar yaƙe-yaƙen gicciye, har ya ga ya fi dacewa a kira salon da sunansu. Masana suna jayayya a kan iyakar gaskiyar wannan, amma dai babban maginin Ingila ne ya faɗa da bakinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a cikin cocin bai shafi aƙidar Kirista ba. Na shiga ina zaton zan ga gidan ibada, sai na tarar da rabinsa taskar tunawa da mayaƙan daula ce. Nelson da Wellington suna binne a ƙasa. A gefe guda ga siffar Janar Gordon a kwance, wanda Ansar ɗin Mahadi suka kashe a Khartum a 1885. Kusa da ƙofa ga ɗaki sukutum da aka keɓe don tunawa da Kitchener, an sassaƙa shi da farin dutse kamar waliyyi yana barci. Wannan shi ne mutumin da ya jagoranci yaƙin Omdurman ranar 2 ga Satumba 1898, inda bindigogi masu sarrafa kansu suka kashe Musulmin Sudan sama da dubu goma a safiya ɗaya, shi kuwa bai rasa mutum hamsin ba. Bayan nan ya sa aka rushe ƙubbar Mahadi, aka watsa ƙasusuwansa a Nilu. Ko me mutum yake gani game da da'awar Mahadin Sudan, wannan aiki ba na mutunci ba ne. Kuma labarin bai yi nisa da mu ba, domin waɗanda suka tsira daga Burmi gabas suka nufa, ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya kafa garin da har yau ake kira da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Na tsaya a ɗakin nan na daɗe. Na fahimci yadda al'umma take tsarkake tarihinta, ta kwantar da mai zubar da jini a gidan ibada, ta koya wa 'ya'yanta su sassauta murya in sun zo wucewa. Wannan darasi ba a kanti ake sayar da shi ba, kuma ban fito da ɗigon sha'awar addininsu ba. Na fito ne ina ƙara gode wa Allah da Ya hana mu kabari da siffa a masallaci, domin na ga da idona inda abin yake kaiwa, daidai yadda aka gaya wa Ummu Salama.

Masu cewa ai ana tsoron fitina ga mai raunin ilimi, na yarda akwai wannan. Akwai matashin da zai ga ƙubba da zinariya da tsabta ya dawo yana raina masallacin unguwarsu. Amma maganin rauni shi ne ilimi da rakiyar wanda ya sani. Yaron da kuka aika Landan ya zauna shekara uku a cikin jama'arta, yana karanta littattafanta, yana kallon talabijin ɗinta, kuna tsammanin ƙofar gidan tarihi ce kaɗai fitina za ta biyo? Magabatanmu ba su yi wannan tsoro ba. Dorugu, yaro Bahaushe daga yankin Damagaram, ya shiga Landan tare da Barth a 1855, ya kalli komai ya ba da labari da Hausa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921 a tafiyar da ya yi aikin hajji. Abubakar Imam ya je a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Kafin su duka, Rifa'a al-Tahtawi, malamin Azhar, ya zauna a Faris daga 1826 zuwa 1831 a matsayin limamin ɗaliban Masar, ya rubuta abin da ya gani, ya yaba abin yabo ya soki abin suka. Babu ɗayansu da ya dawo ba da addininsa ba. Mu ne jikokinsu muka ƙirƙiro wata taƙawa ta rufe ido, wadda ba ta hana kasuwa, ba ta hana ƙwallo, sai ilimi kaɗai.

Ana jibi zan taso na sake yi masa magana. Na ce, "Ɗana, na bar maka coci, ka tsaya a kan abin da ka gamsu da shi. Amma akwai mumbari a garin nan da nake so ka gani." Ya yi mamaki, ya biyo ni zuwa gidan tarihin Victoria da Albert da ke Kensington ta Kudu. A zauren fasahar Musulunci, wanda aka sabunta a 2006, ga dardumar Ardabil shimfiɗe a tsakiya cikin gilashi, tsawonta ya haura mita 10, an saƙa shekarar gama ta a jikinta, 946 bayan hijira, wato wajen 1539 zuwa 1540. Ba a barin fitila a kanta kullum don kada launinta ya dushe, sai a kunna na 'yan mintoci a kashe. A gefe kuma ga mumbarin Sultan Ƙaitbai na Masar, wanda ya yi mulki daga 1468 zuwa 1496, dogo, an yi masa ado da hauren giwa cikin zanen taurari masu shiga juna. Na ce masa a Alƙahirar wannan sultan Imam Suyuɗi ya rayu, kuma daga can ya aiko da wasiƙar nasiha ga sarakunan ƙasarmu, har da Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas. Wani limami ya taɓa hawa matakalar nan ranar Juma'a, yau ga ta babu liman babu mamu, an kewaye ta don kada a taɓa.

Ya daɗe yana kallon mumbarin, ya kewaya ta bayansa, ya dawo. Can ya ce, "Kawu, to yaya aka yi ya zo nan?" Na ce masa a ƙarni na 19 aka raba shi da masallacinsa aka sayar, sauran bayanin kuwa shi ke zaune a garin, ɗakin karatu na ƙasa yana nan kusa da tashar St Pancras, inda suke riƙe da ɗaya daga cikin tsofaffin mus'hafan duniya da rubutun Hijaz na ƙarni na 8, da kuma Alƙur'anin Baibars mai juzu'i bakwai da aka rubuta da ruwan zinariya tsakanin 1304 da 1306. Na ce ya je ya bincika ya aiko mini da amsa.

Bai ce ya janye maganarsa ba, ni ma ban nemi ya ce ba. Ya dubi agogo ya ce la'asar ta shiga, kuma a Disambar Landan rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Muka fita da sauri muka nufi tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa don mu riski salla a babban masallacin Regent's Park kafin magariba ta cim mana. Har yanzu ina jiran amsar tasa game da mumbarin.